Ba Yawan Hannu Ke Gina Manhaja Ba

Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, suna kuma cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa halartar gayya ya san ba a banza aka yi waɗannan maganganu ba, domin gonar da za ta ci wa mutum ɗaya kwana 20 yana nomanta, idan majiya ƙarfi 20 suka jera mata fartanya sai a tashi kafin la'asar. Amma akwai wata sana'a ta zamani wadda ta ƙi bin wannan ƙa'ida, watau sana'ar rubuta manhaja, wadda ita ce jerin umarnin da ake tsara wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, ko kuwa kwamfuta, don ta san abin da za ta yi da yadda za ta yi shi. A cikin wannan sana'a an sha ganin inda aka ƙara ma'aikata don aiki ya yi sauri, sai ga shi ya ƙara jan ƙafa, kuɗi suka ƙare, abin da aka fito da shi kuma bai amfani kowa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance na masana ne kaɗai. A Nijeriya ta yau, albashin ɗimbin ma'aikatan gwamnatin tarayya ta cikin manhaja yake biyowa tun da aka soma tsarin IPPIS a cikin 2007, mai ajiya a banki kuwa ba ya rabuwa da lambar BVN da aka ƙaddamar a cikin 2014, haka nan hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta tun daga 2015. Ran da irin wannan manhaja ta cije, magidanci ne zai wayi gari ba kuɗin cefane, ɗalibi kuma ya yi asarar shekara. Kowace ɗaya daga cikinsu mutane ne suka zauna suka rubuta ta, kuma wani ne ya yanke shawarar mutum nawa za a ɗauka, wa zai shugabanci wa, wa kuma zai amsa tambaya in abu ya lalace. Wannan shawara ita ce za a duba a wannan fili, kuma babu inda ya fi dacewa a soma sai ƙasar da aka fara shan wuyar al'amarin, watau Amurka.

ABIN DA YA SAMI IBM

Ran 7 ga watan Afrilu, 1964, kamfanin IBM ya ba da sanarwar waɗansu sababbin na'urori da ya sa wa suna System/360. Manufarsa ita ce ya ƙera kwamfutoci manya da ƙanana waɗanda duk za su ji yare ɗaya, yadda wanda ya sayi ƙarama zai iya komawa ga babba ba tare da ya zubar da manhajar da yake da ita ba. Kamfanin ya zuba kimanin dala miliyan 5,000 a cikin shirin, kuɗin da ya sa ake ganin in abin ya faɗi, to kamfanin ma zai iya faɗuwa tare da shi.

Na'urorin suna bukatar uwar manhaja wadda za ta riƙa tafiyar da su, aka sa mata suna OS/360, aka kuma ɗora aikinta a wuyan wani injiniya mai suna Mista Frederick Brooks, wanda a lokacin bai kai shekara 35 da haihuwa ba. Ba a yi masa rowar kuɗi ko ta ma'aikata ba. Sa'ad da aikin ya kai ganiyarsa mutum sama da 1,000 ne ke cikinsa, kuma idan aka tara lokacin da kowa ya ɓata tsakanin 1963 da 1966, sai ya kai wajen shekara 5,000. Duk da haka manhajar ta makara, ta ci kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta, ta cinye wuri a ƙwaƙwalwar na'ura fiye da yadda aka shirya, sa'an nan ba ta soma aiki yadda ya kamata ba sai da aka yi ta sake fito da ita bayan gyare-gyare.

Mista Brooks ya bar kamfanin ya koma koyarwa a Jami'ar Karolina ta Arewa, inda ya kafa sashen nazarin kwamfuta. Amma wata tambaya da shugaban IBM, Mista Thomas Watson ƙarami, ya yi masa ta ci gaba da damunsa, watau me ya sa shugabantar masu rubuta manhaja ke da wuya haka. Amsar da ya bayar ita ce littafin da ya fitar a cikin 1975 mai suna The Mythical Man-Month, wanda har bayan rasuwarsa a 2022 ba a daina karanta shi ba. Abin da littafin ya kira tatsuniya shi ne lissafin nan na manajoji, cewa aikin da mutum ɗaya zai yi cikin wata 10, mutum 10 za su gama shi cikin wata ɗaya. Ya nuna cewa idan aikin manhaja ya riga ya wuce lokacin da aka ɗibar masa, turo sababbin hannu ba ya ceto shi, sai ma ya ƙara nisanta ranar gamawa.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Gona tana karɓar gayya don ana iya yanka ta kunya-kunya, kowa ya kama tasa ba sai ya tambayi na kusa da shi kome ba. Manhaja kuwa ta fi kama da ginin rijiya, inda rami ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya ko biyu, in aka cusa goma sai su tattake juna. Sabon ma'aikaci, kome gwanintarsa, sai an zaunar da shi an koya masa inda aka kwana, kuma masu koya masa su ne tsofaffin hannun da aikin ke jira. Bayan wannan sai an sake raba aikin da aka riga aka raba. Abin da ya fi duka nauyi shi ne yawan bakunan da dole su yi magana da juna. Tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin magana 10, tsakanin mutum 10 akwai 45, idan aka kai mutum 50 sai su zama 1,225. Ma'aikata sun ninka sau goma, amma hanyoyin da saƙo zai bi ya ɓace ko a juya shi sun ninka fiye da sau ɗari. Sauri ya haifi nawa ke nan.

MUTUM 10 KO MUTUM 150

Akwai wani kuskure da Mista Brooks ya amsa da bakinsa cewa shi ya tafka. Lokaci ya yi da za a rubuta tsarin OS/360, watau bayanin yadda manhajar za ta kasance a idon mai amfani da ita. Shugaban masu zana tsari yana da ƙwararru 10, ya ce za su yi aikin da kyau amma sai sun yi wata 10, watau ƙarin wata 3 a kan abin da aka tsara. Wani shugaban sashen kuma yana da ma'aikata 150, ya ce in aka ba su za su gama a kan lokaci, in ba haka ba kuwa za su zauna wata da watanni ba aikin yi. Na farkon ya yi gargaɗi cewa ko an ba mutum 150 ɗin sai an makara da wata 3, abin da za su rubuta kuma ba zai yi kyau ba. Ganin taron ma'aikata zaune ana biyansu albashi ya rinjayi Mista Brooks, ya miƙa musu aikin. Yadda aka yi gargaɗin haka ta faru, an makara, tsarin kuma ya fito kamar rigar da tela da yawa suka ɗinka, kowa da irin ɗinkinsa. Daga baya ya ƙiyasta hasarar da miliyoyin daloli.

Darasin da ya ɗauka shi ne, tsarin manhaja dole ya fito daga kai ɗaya, ko daga kawunan mutane kaɗan da suka fahimci juna sarai. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Masu aiwatarwa suna iya yawa, amma wanda ke da kalmar ƙarshe a kan siffar abin da ake ginawa ya kamata kowa ya san sunansa.

To, yaya za a yi babban aiki da mutane kaɗan? Wani masanin IBM mai suna Harlan Mills ya kawo shawara a farkon shekarun 1970, cewa a tsara kowane rukuni kamar yadda ake tsara ɗakin fiɗa a asibiti. A ɗakin fiɗa likita ɗaya ke riƙe da wuƙa, sauran duk suna tsaye ne don hannunsa kada ya tsaya. A rukunin manhaja ma, in ji wannan shawara, a sami babban marubuci ɗaya da ke zana aikin yana kuma rubuta muhimman sassansa, da mataimaki wanda ya san duk abin da ya sani kuma zai iya maye gurbinsa. Sai mai kula da kuɗi da sha'anin ma'aikata, da mai gyara takardun bayani, da magatakarda mai adana duk abin da aka rubuta, da mai ƙera kayan aiki, da mai gwaji, da wanda ya laƙanci harshen kwamfutar da ake aiki da shi, da sakatarori biyu. Mutum 10 ke nan, amma tunanin aikin yana hannun biyu. An gwada irin wannan tsari wajen gina ma'ajiyar labarai ta jaridar New York Times, inda wani ɗan ƙaramin rukuni ya rubuta layin umarni kimanin 83,000 cikin wata 22, aka kuma yaba da ƙarancin kurakuransa.

Sai dai tsarin bai yaɗu yadda aka zata ba, kuma akwai dalili. Irin wannan babban marubuci ba a samunsa a ko'ina, ran da ya yi ciwo ko ya sami aiki a wani wuri kuwa sai rukuni ya zama marayu. Ƙwararrun matasa kuma ba su cika son zama 'yan miƙa almakashi har abada ba. Abin da ya wanzu daga shawarar shi ne gindinta, watau rukuni ya zama ƙarami, kowa ya san aikinsa, kuma a sami mai riƙe da zaren tsari.

YADDA AKA ZAUNA HAKA ZA A GINA

Wani masani mai suna Melvin Conway ya lura da wani abu dabam, ya kuma buga shi a mujallar Datamation a cikin 1968. Ya ce duk ma'aikatar da ta zana wani tsari, tsarin zai fito da siffar yadda sassan ma'aikatar ke magana da juna. Ya ba da misalin wani kamfani da ya sa mutum 8 su rubuta manhajoji biyu masu aikin tafinta, watau masu juya abin da mutum ya rubuta zuwa yaren da na'ura ke ji. An ba ɗaya mutum 5, ɗayar kuma mutum 3. Da aka gama, sai ga ta farko tana aiki a mataki 5, ta biyu kuma a mataki 3. Babu wanda ya tsara haka, yadda aka raba mutane ne ya raba manhajar.

Ma'anar wannan ga shugaba tana da girma. Ran da ya zauna yana raba ma'aikata ofis-ofis, ya riga ya soma zana manhajar ko bai sani ba. Idan sassa biyu ba sa ga maciji da juna, to gaɓar da ta haɗa ayyukansu ita ce za ta fara tsinkewa a hannun mai amfani. Saboda haka masu lura suka koma tsara rukuni bisa abin da ake son a samar. Maimakon a tara masu zane a ɗaki ɗaya, marubuta a wani, masu gwaji a can ƙarshen gini suna jiran a jefo musu aiki, sai a haɗa rukuni ɗaya mai ɗauke da kowane irin gwani, a ba shi yanki guda, misali sashen biyan kuɗi, ya riƙe shi tun daga zane har zuwa ranar da jama'a ke aiki da shi.

A kan wannan turba aka ci gaba. A watan Fabrairu na 2001 waɗansu masana 17 suka taru a wani wurin shaƙatawa a jihar Yuta ta Amurka, suka amince a kan cewa gara a riƙa fito da aiki kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai shi, da a ɓace shekara biyu sa'an nan a dawo masa da abin da bai nema ba. Hanyar aiki da ake kira Scrum, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar tun 1995, ta tanadi rukunin da yawanci ba ya wuce mutum 10. A ciki akwai mutum ɗaya da ke yanke abin da za a fara yi da abin da zai jira, da wani mai share wa rukuni hanya, sai masu ginin kansu. Suna aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, kuma kullum sukan yi ganawar minti 15. A kamfanin Amazon ma, wanda ya kafa shi, Mista Jeff Bezos, ya shahara da ƙa'idar cewa duk rukunin da faifai biyu na gurasar nan ta Italiyawa mai suna fiza ba za su ƙosar da shi ba, to ya yi yawa.

AN SAKE MAIMAITAWA A 2013

Mai karatu zai zaci bayan shekara kusan 40 da littafin Mista Brooks an gama koyon darasin. Ba haka ba ne. Ran 1 ga watan Oktoba, 2013, gwamnatin Shugaba Barack Obama ta buɗe dandalin HealthCare.gov, inda jama'ar jihohi 36 za su sayi inshorar lafiya bisa dokar da aka sa wa hannu a 2010. Miliyoyin mutane suka yi ca a kansa, shi kuwa ya durƙushe. Takardun cikin gida da suka fito daga baya sun nuna mutum 6 kacal suka iya kammala rajista a ranar farko.

Ba kuɗi aka rasa ba, ba kuma ma'aikata ba. 'Yan kwangila 55 ne aka ce suna da hannu a aikin, kowa yana gina nasa yanki, hukumar gwamnati da ta ba da kwangilar kuma ita ta ɗauki nauyin haɗa sassan, alhali ba ta da ƙwarewar yin haka. Ba a gwada dandalin daga farko har ƙarshe ba sai ana saura 'yan makonni a buɗe shi. Babban mai binciken ma'aikatar lafiya ta ƙasar, a rahotonsa na 2016, ya sa rashin tsayayyen shugabanci a sahun gaba cikin dalilan faɗuwar. Taron tsintsiya aka yi ba shara.

Yadda aka gyara shi ne abin lura. Shugaba Obama ya ɗora Mista Jeff Zients a kan aikin ceto, aka naɗa kamfani ɗaya ya zama babban ɗan kwangila mai haɗa kan saura, aka kuma kawo waɗansu ƙwararru 'yan ƙalilan, cikinsu har da Mista Mikey Dickerson daga kamfanin Google. Wannan ƙaramin rukuni bai kori injiniyoyin da ya tarar ba, da su ya yi aiki. Abin da ya sake shi ne zaman. Aka riƙa taruwa sau biyu a rana, aka hana neman mai laifi a wurin taro, aka kuma ce wanda ya fi sanin matsala shi zai yi magana ko da shi ne ƙarami a muƙami. Zuwa farkon Disamba gwamnati ta ce dandalin na iya ɗaukar mutum 50,000 a lokaci ɗaya, kuma kafin ƙarshen Afrilu na 2014 sama da mutum miliyan 8 sun yi rajista a faɗin ƙasar.

Wannan batu na barin ƙarami ya yi magana ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin Google ya taɓa bin diddigin rukunoni 180 na ma'aikatansa don ya gano abin da ya bambanta masu nasara da saura, sai ya tarar abin da ya fi tasiri shi ne ma'aikaci ya iya cewa ya yi kuskure, ko bai gane ba, ba tare da tsoron wulaƙanci ba. A inda ake tsoron maigida, kuskure yakan ɓuya har ran da ya fashe a gaban jama'a, ɗan hakin da aka raina kuwa shi ke tsone ido.

Saboda haka babban sakatare ko manajan banki ko shugaban kamfani da zai sa hannu a kwangilar manhaja, ya kamata kafin ya tambayi yawan ma'aikatan da ɗan kwangila ke da su, ya fara tambayar sunan mutum ɗaya da ke da kalmar ƙarshe a kan tsarin. Ya tambayi mutum nawa ne a kowane rukuni, da yankin da kowane rukuni zai amsa tambaya a kansa, da kuma wanda zai haɗa yankunan su zama abu ɗaya. Ya nemi sanin ko mai gwaji yana zaune da marubuta tun ranar farko, domin tun ran gini ran zane. Ya kuma ware mutum guda daga ofishinsa, mai ikon cewa i ko a'a, wanda rukuni zai riƙa nuna wa aiki duk bayan 'yan makonni. Sababbin manhajojin da ke taya mutum rubuta umarni sun rage wahalar rubutun, amma ba su ɗauke wa kowa nauyin yanke waɗannan shawarwari ba.

In kuwa aiki ya makara, kamar yadda yakan faru, kuma aka zo masa da takardar neman a ɗauki ƙarin mutum 30 don a cim ma ranar buɗewa, to ya tuna da mutum 150 na Mista Brooks. Hanyoyin da suka rage masa na gaskiya biyu ne, ko ya ɗaga ranar ya faɗa wa jama'a dalili, ko ya rage abin da ake so a gama a zangon farko, a buɗe da ɗan abin da ke aiki sosai, saura ya biyo baya.